Zaɓen Motar da Ta Dace da Jan Tirela

Ba kowace mota ce ta cancanci a ɗaura mata ƙaramar tirelar kaya a baya ba. Kafin manomi ko ɗan kasuwa ya sayi motar ja, wajibi ne ya duba littafin da masu ƙera ta suka haɗo da ita, domin a ciki aka rubuta iyakar nauyin da za ta iya ja.

Masana suna ba da shawara kada nauyin tirela da kayanta ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar. Alal misali, mota mai kilo 1,200 kada ta ja fiye da kilo 1,020. Idan tirelar kanta kilo 300 ce, buhu bakwai na masara mai kilo ɗari-ɗari ke nan. Irin wannan tirela tilas ta kasance da birkinta. A Ingila doka ta hana marar birki wuce kilo 750.

Dalili shi ne, jan kaya ya fi tsayar da shi sauƙi. A gangara irin ta Hawan Kibo, kan hanyar Jos zuwa Akwanga, tirela mai nauyi takan ingiza ƙaramar mota, birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, a yi asarar rai da dukiya.

Saboda haka a zaɓi mota mai nauyi da tsawo, kamar a-kori-kura, mai lafiyayyen birki da lagireto, wadda aka ɗaure ƙugiyarta a jikin ƙarfen shasi.