Tangaran Mai Ba Da Wuta: Yawan Matsi Ba Shi Ne Yawan Lantarki Ba

Na gaji da wani bidiyo da ke ta yawo a WhatsApp da Facebook, wai a Japan takun ƙafar jama'a ne ke haska gari, don haka mu ma a shimfiɗa mana irin wannan daɓe a Kantin Kwari mu huta da ɗauke wuta. Har wasu na ƙarawa da cewa a sa shi a kan titi, tireloli su riƙa takawa, tunda a ganinsu yawan nauyi shi ne yawan wuta. Jama'a, a riƙa bincike kafin a tura!

Abin da ake magana a kai shi ne fiyezo, wato dutse ko tangaran da ke fitar da lantarki idan an matsa shi. 'Yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano haka a Faransa a 1880. Yana cikin laitar da ake kunna gas da ita, yana kuma cikin kan na'urar sikanin masu juna biyu. Gaskiya ne kamfanin jirgin ƙasa na JR East ya gwada irin wannan daɓe a tashar Tokyo tun 2006, amma burinsa bai wuce ƙofofin shigar fasinja da allunan sanarwa ba.

Tangaran nan ba ya ba da wuta sai a lokacin da matsi ke canzawa. Ka ɗora masa buhun siminti ka bar shi, zai yi walƙiya sau ɗaya ya yi shiru. Tartsatsin laita ya kai dubban bolt, amma ƙarfin da ke cikinsa ɗan ƙyas ne.

Babban kuskuren kuwa shi ne zaton ƙarin nauyi ƙarin riba ne. A cikin tangaran akwai ƙananan yankuna, kowanne da inda ya fuskanta. A masana'anta ake sa masa lantarki mai ƙarfi har yankunan su juya wuri guda, kuma wannan jeruwar ita ce jarinsa gaba ɗaya. Idan aka danne shi ta fuskar da suka jeru, matsin kuma ya wuce wani mizani, sai yankunan su fara kwanciya gefe, kamar geron da iska ta kayar. Ka ɗauke nauyin, wasu za su miƙe, da yawa ba za su miƙe ba. A ido lafiyarsa ƙalau, babu tsagewa, amma ya rage ba da wuta, kuma ba zai dawo ba sai an sake jera shi da lantarki. Matsi daidai gwargwado kam yana da amfani: tangaran na jure danna, ba ya jure ja, shi ya sa injiniyoyi ke ɗaure shi da ƙusa tun farko don kada ya tsage yana cikin aiki. Sai dai wannan ɗaurin da awo ake yin sa, ba da tayar tirela ba.

Ga kuma batun dalma. Nau'in da ya fi aiki, PZT, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani. Dokar RoHS ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2006, ta taƙaita dalma a kayan lantarki, amma ta ɗaga wa PZT ƙafa saboda rashin magaji. A 2004 Yasuyoshi Saito da abokan aikinsa a Japan suka fito da nau'in KNN marar dalma wanda ƙarfinsa ya kusanci na PZT. Sai dai wasu daga marasa dalmar sun fi saurin kwanciya idan an danne su, musamman in da zafi. Na bariyom taitanet yana rasa halinsa gaba ɗaya a wajen digiri 120 zuwa 130. A dangin BNT kuwa, matsi kaɗai na iya sauya tsarin cikinsa. Tsufa da laima ma suna rage ƙarfin tangaran.

Saboda haka, ma'aikacin asibiti ya riƙe kan na'urar sikanin da kyau, faɗuwa ɗaya na iya fasa wasu ƙwayoyin ciki, hoto ya riƙa fitowa da baƙin layi. Mai gyaran waya da rediyo kada ya lanƙwasa faifan nan siriri mai yin ƙara, kada kuma ya daɗe da ƙarfen soda a kansa. 'Yan gwangwan su daina farfasa irin waɗannan kaya suna ƙonawa a cikin unguwa, domin ido ba ya bambance mai dalma da marar dalma, a ɗauka duk da ita. Iyaye su karɓe tsohuwar laita daga hannun yaro mai kai komai baki. Wanda kuma aka tallata masa takalmi ko tabarma wai takawa kawai za ta cika batirin waya, ya ce a jona masa tasa wayar a gabansa kafin ya ciro ko sisi.