Aikin Da Zaman Makoki Ya Ke Yi Wa Masu Rai

A ƙasar Hausa, in mutum ya cika da asuba, da wuya azahar ta yi ba a kai shi makwancinsa ba. A yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a ɗora bisa makara, liman ya wuce gaba a yi salla da kabbara huɗu, a kai maƙabarta a komo. Sa'o'i kaɗan sun isa hidimar mamaci. Amma ga tabarmi an shimfiɗa a ƙofar gida har kwana uku, ga matarsa kuma za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. To, wannan doguwar hidima ta biyu, domin wa a ke yinta?

Masana ilmin zaman jama'a sun daɗe da tambayar nan. Wani Bafaranshe, Robert Hertz, almajirin Emile Durkheim, ya rubuta a kanta cikin 1907, ya kafa misali da mutanen Dayak na tsibirin Borniyo. Su can ba su kan gama da mamaci rana ɗaya ba. Sai su ajiye gawa watanni, wani lokaci shekaru, har nama ya ƙare, sa'an nan su yi babban taro su kai ƙasusuwan wurin kakanni, ran nan ne masu makoki su ke samun saki. Abin da Hertz ya fahimta shi ne, rai ya kan fita farat ɗaya, amma jama'a ba su iya fid da mutum daga cikinsu farat ɗaya. Mamacin nan mijin wata ne, uban wasu, maƙwabcin wani, ana binsa bashi shi ma yana bi. Kowace igiya daga cikin waɗannan sai an kwance ta an ɗaura wani wuri. Ya kuma lura rasuwar jariri ko baƙo ba ta girgiza gari kamar ta shugaba, domin igiyoyin ba yawansu ɗaya ba.

Cikin 1909 Arnold van Gennep ya ƙara da cewa duk al'adar da ta ke ɗauke mutum daga wani matsayi zuwa wani tana da hawa uku, watau rabuwa da tsohon matsayi, da zaman tsakani, da shiga sabo. Mu dubi takaba. Mu Musulmi muna yinta domin umurni ne cikin Suratul Baƙara, wannan kuwa ya ishe mu dalili. Duk da haka hawan nan uku a fili su ke. Matar ta ajiye ado da turare, ta zauna ɗakin mijinta, ba ta da miji, ba kuwa halin a ɗaura mata aure da wani. Ran da ta fita ta yi wanka da kitso, 'yan'uwa su zo barka, kowa ya shaida ta zama bazawara.

Haka sauran. Sanarwar da a kan yi wurin jana'iza, cewa mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗi, kwance igiya ce. Rabon gado shi ya ke nuna gona da gida hannun wa su ka koma. Abincin da maƙwabta su ke aikowa yana da asali tun sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa a yi wa iyalin Ja'afar abinci bayan yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira. Batun sadakar uku da bakwai da arba'in kuwa malamai sun saɓa, wannan fagensu ne, ba ni shiga. Sai dai inda al'ada ta juye har gidan mamaci ne ke cin bashi su ciyad da masu gaisuwa, a ganina an ɗora kaya bisa wanda a ka zo sauke wa.

Maganar ta fi shafarmu, mu malaman makaranta da akawuna, da aiki ya kan raba mu da garuruwanmu. Na taɓa hana wani ɗalibi zuwa gida da ƙanen ubansa ya rasu, na ce ai an riga an binne, ga jarrabawa ta matso, ya aika da ta'aziyya ta waya. Daga baya na ji marigayin shi ya riƙe yaron tun yana maraya, a zaman kwana ukun nan ne kuma dangi su ka shirya wanda zai ɗauki nauyin karatunsa da na ƙannensa, shi kuwa ba ya nan balle a ji ta bakinsa. Tun daga ran nan, in an kawo mini takardar neman izinin zuwa makoki, na kan fara tambaya, mene ne marigayin a wurinka, wa kuma ya bari?