Shin Ko Kun San? Ƙarfin Coci a Tsohuwar Sudan

Daga Gedambaliya da Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, in ka nufi Khartum kana ratsa ƙasar da take da tarihin da ba kowa ya sani ba. Kafin daular Sinnar, sarakunan Kirista ne suka riƙe bakin Nilu kusan shekara dubu, kuma coci ce ginshiƙin mulkinsu.

Shin ko kun san dauloli uku ne na Nuba suka karɓi addinin Kirista a ƙarni na 6? Nobatiya mai fada a Faras, Makuriya mai fada a tsohuwar Dongola, da Alwa mai fada a Soba, kusa da Khartum ta yau. Wajen shekarar 543 mai wa'azi Yuliyanus ya iso Nobatiya da goyon bayan sarauniyar Rum, Tiyodora. A 580 bishop Longinus ya yi wa sarkin Alwa baftisma. Ta fada addinin ya shigo, sannan ya sauko wa talakawa.

Shin ko kun san ba a gida ake naɗa manyan coci ba? Shugaban cocin Kibɗawa na Iskandariyya, a Masar, shi ke tabbatar da bishop-bishop na Nuba. A Ƙasr Ibrim, a ƙasar Nuba, an tono kabarin bishop Timoti, an same shi da takardun naɗinsa na 1372, ɗaya da Kibɗanci, ɗaya da Larabci, an binne su tare da shi.

Shin ko kun san sarki kansa limami ne? Wani marubuci Kirista na Masar ya ruwaito cewa sarakunan Nuba kan jagoranci ibada a cikin coci, sai fa wanda ya kashe rai da hannunsa, wannan ya rasa damar. Ashe coci na ɗaukaka sarki, tana kuma taka masa birki.

Shin ko kun san an taɓa ɗaura yaƙi saboda shugaban coci? Tarihin Kibɗawa ya ce a tsakiyar ƙarni na 8, da gwamnan Masar ya tsare shugabansu Mika'ilu, sarki Kiriyakos na Makuriya ya tashi da runduna ya nufi Masar, sai da aka saki Mika'ilu.

Shin ko kun san alƙalami da gona suna hannun coci? Da Girkanci da Kibɗanci da tsohon Nubanci ake rubutu. Takardun cinikin filaye da aka samu a Ƙasr Ibrim sun nuna coci-coci na da gonaki, ma'aikatan coci kuma na cikin masu rubutawa da masu shaida.

Shin ko kun san an binne wata babbar majami'a a cikin rairayi ɗaruruwan shekaru? Ita ce ta Faras, wadda bishop Bulus ya sake ginawa a 707. Masana daga Poland ƙarƙashin Kazimierz Michalowski suka tono ta tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan dam ɗin Aswan ya shanye wurin. A bangonta an sami zane-zane fiye da 150: sarakuna da alkyabba, bishop-bishop baƙaƙen fata riƙe da littafi, mala'iku da fukafukai a buɗe, har da jerin sunayen bishop-bishop na garin. An raba zanen tsakanin gidajen tarihi na Khartum da Warsaw.

Shin ko kun san Musulmi na da unguwarsu a Soba? Ibn Sulaim al-Aswani, manzon Fatimawa masu mulkin Masar a ƙarni na 10, ya siffanta birnin da kyawawan gidaje, da lambuna, da coci-coci masu yawan zinariya, da unguwar Musulmi. A arewa kuwa yarjejeniyar Baƙt ta 652 tsakanin Makuriya da Musulmin Masar ta yi kusan shekara 600.

Shin ko kun san yadda ƙarfin ya ƙare? A 1317 aka mayar da babban zauren fadar Dongola masallaci, bayan Musulmi ya hau gadon sarauta. Soba ta faɗi, Sinnar ta kafu a 1504. A shekarun 1520 wani limamin Fotugal, Francisco Alvares, ya ga mutanen Nuba sun zo wurin sarkin Habasha suna roƙon a ba su limamai, aka ce babu, domin Habasha ma daga Iskandariyya take samun shugaban cocinta. Da fada ta kauce, hanyar Iskandariyya ta yanke, coci ta rasa masu riƙe ta.

Jama'a, wannan tarihin ƙasar da muke zaune ne, kuma sanin sa ba ya rage wa kowa imani. Iyaye da malaman makaranta, ku koya wa yara shi, mu kuma haɗa kai wajen kare kufai da kayan tarihin Sudan daga ɓarna da sata.