Rigar Mai Walda: Yadda Za Ki Zaɓa, Yadda Za Ki Wanke

Yau zancenmu a kan riga ne, watau rigar da maigida ko ɗa ko ƙane ke sawa in zai tafi wurin walda.

Sana'ar walda ta yaɗu ƙwarai a ƙasarmu. Wanda ya ratsa Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, ya ga yadda ake haɗa ƙofofi da tagogi da gadaje da tankunan ruwa tun safe har magariba. Gidaje da yawa da wannan sana'a suke cefane. To, a galibin gidajen nan mace ce ke wanke rigar aiki, ita ke fara ganin hujinta, kuma ita ake tambaya in za a sayi sabuwa. Saboda haka ya kamata ki san abin da ake nema ga wannan riga, domin ita ce tsakanin wuta da fatar mai ciyar da gidanku.

Abu uku rigar take tsarewa. Na farko tartsatsi. Kada ki ɗauka irin na murhu ne. Ɗigon narkakken ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, alhali ruwan da kike dafa tuwo da shi a digiri 100 yake tafasa. Na biyu haske. Cikin shuɗin hasken nan na walda akwai wani iri da ido ba ya gani, yana ƙona fata ba tare da mutum ya ji ba. Sai ya dawo gida lafiya lau, can cikin dare wuya da damtse su kama raɗaɗi, bayan kwana biyu fata ta fara saɓa. A shekarar 2017 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa wannan haske da hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbata suna kawo ciwon daji. Na uku lantarki. Busasshiyar riga tana ɗan tare shi, jiƙaƙƙiya kuwa hanya take ba shi.

YADIN DA YA DACE

Maganar yadi ita ce babba. Auduga tsantsa, mai kauri, mai matsattsiyar saƙa, irin kaki ko yadin jins, ita ake so. In tartsatsi ya faɗa mata yakan gangara, in ma ya tsaya sai ya bar ɗan baƙin huji. Auduga tana cin wuta, wannan gaskiya ne, amma ba ta narkewa, mutum yana iya kaɗe ta ko ya tuɓe.

Yadin roba kuwa, watau nailan da foliyesta da danginsu, da ɗanyen man fetur ake yin zarensu, kuma wajen digiri 250 kaɗai suke narkewa. In wuta ta taɓa su sai su zama kamar ledar da aka jefa a murhu, su manne a fata, su ci gaba da ci. Irin wannan ƙuna tana da zurfi, tana da wuyar warkewa. Yadin da aka gauraya auduga da roba shi ma ba abin yarda ba ne, don audugar tana riƙe wutar, robar tana narkewa a jiki.

Ku duba yara masu koyon walda a bakin titi, za ku ga da yawansu cikin rigar ƙwallo. Rigar ƙwallo kuwa roba ce tsantsa. Uwar da ɗanta ke zuwa koyon walda, ta hana shi fita da ita ko da za a yi fushi. Haka nan singiletin da ke ciki, lalle ita ma ta zama ta auduga, don zafi yana ratsa ta sama ya narkar da ta ƙasa.

Iyayenmu in sun ce kaki, sun san auduga suke nufi. A lokacinsu audugar Funtuwa da Gusau ake kai wa masaƙu irin ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957. Wannan masaƙa ta rufe a 2002, galibin 'yan'uwanta ma sun bi ta. Yadin da ke Kantin Kwari yanzu yawancinsa daga waje yake zuwa, kuma akwai mai launin kaki da taushin auduga wanda rabinsa ko fiye roba ne. Don haka suna bai isa ba, ido ma bai isa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga gwajin, ba shi da wuya. Ki roƙi mai kanti ɗan ƙyalle, ko ki zaro zare daga cikin kalmasa in rigar ɗinkakkiya ce. Ki riƙe shi da cokali biyu ko hantsaki a kan kwanon ruwa, ki ƙyasta masa ashana. In auduga ce za ki ji ƙauri kamar na takarda, ta bar toka mai laushi wadda ke murƙushewa a yatsa. In roba ce sai zaren ya ƙanƙance ya guji wutar, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar wani dunƙule mai tauri kamar ƙwayar gero. In kin sami toka da dunƙule tare, gauraye ne, ki bar shi. In kin ji ƙaurin gashi, ulu ne. Ulu ya fi auduga wuyar kamawa, sai dai zafin ƙasarmu ba ya barin a sa shi in ba da hunturu ba.

Sa'an nan ki ɗaga yadin ki dubi rana ta cikinsa. In haske yana ratsowa sosai, hasken walda ma zai ratsa. Ki guji mai gashi-gashi a sama, don wuta tana bin gashin nan da gudu. Launi kuma mai duhu ya fi, kamar shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa, domin fari yana mai da haske sama ya shiga ƙarƙashin garkuwar fuska.

ƊINKI

In tela za ki kai wa, ki yi masa bayani dalla-dalla. Hannu dogo har wuyan hannu, da maɓalli. Kwala mai rufe maƙogwaro. Aljihu ko dai a bar shi, ko a yi masa marfi, don buɗaɗɗen aljihu tukunyar tartsatsi ne. Kada a yi wata kalmasa mai baki sama, ko a hannu ko a ƙafar wando. A rufe maɓallan gaba da shafin yadi, musamman in na ƙarfe ne, don ƙarfe yana ɗaukar zafi da lantarki. Rigar ta yi tsawo yadda in ya sunkuya bayansa ba zai buɗe ba. Kada ta matse, kada kuma ta yi burum-burum har ta riƙa kama ƙarfe. Ki wanke yadin kafin a yanka, domin auduga tana tsukewa a wankin farko. Ki saya wa tela zaren auduga da kanki, don yawancin zaren keke na yanzu roba ne, in ya narke sai ɗinki ya buɗe.

Akwai kuma rigunan da aka yi musamman domin wannan aiki. Wasu auduga ce aka jiƙa da maganin hana cin wuta, kamar wanda ake kira Proban. Wasu kuma zaren ne da kansa ba ya cin wuta, kamar Nomex, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fitar a 1967. Irinsu sukan faɗo cikin dilar gwanjo a kasuwanni irin Ƙofar Wambai. Ki duba ɗan ƙyallen da ke wuya ko gefen riga. In kin ga haruffan FR, ana nufin tana ƙin wuta. In kin ga ISO 11611, ana nufin an gwada ta don walda: mai aji 1 ta jure ɗigo 15 na narkakken ƙarfe, mai aji 2 ta jure ɗigo 25. Amma fa ta gwanjo ba ki san wankin da ta sha ba, watakila maganin ya tafi. In ta koɗe, ki ɗauke ta kamar auduga kawai.

Mai aikin sama da kai, ko mai yankan ƙarfe mai kauri, riga kaɗai ba ta ishe shi ba. Maƙeran ƙasarmu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke ɗaura walki. Fata ba ta da wuyar samu a ƙasar da ke da majema da dukawa. A sa baduku ya yanka walki mai rufe ƙirji har gwiwa, ya fi ƙarfin tartsatsi, ya kuma ƙara wa riga kwana.

WANKI DA ADANA

Riga mai kyau in ta sha baƙin mai ko giris ta zama lagwani. Wannan shi ne dalilin wanki, ba don ƙawa ba. Riga ɗaya ba ta isa. A yi biyu ko uku, ɗaya a jiki, ɗaya a igiya. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ki sa masa ta canji a jaka, domin in ta farko ta jiƙe da gumi ya sake. Wanda ba shi da ta canji shi ne ke tuɓewa ya yi aiki da singileti.

Kafin wanki ki laluba aljihu. Ashana ko laita a aljihun mai walda hatsari ne babba, ki gaya masa. Ki kaɗe rigar a waje, nesa da abinci. Ki wanke ta ita kaɗai a bokitinta, kada ki haɗa da kayan yara, don ƙurar ƙarfe da ta tsohon fenti suna maƙale a jikinta. Ki jiƙa ta cikin ruwan ɗumi da garin omo, ki cuɗa wurin mai da kyau, ki ɗauraye sau biyu ko uku har kumfa ta ƙare. Kada ki yarda a cire mai da fetur ko kananzir. Tabon yana fita, amma tururin yana zama a zare, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

In rigar mai magani ce, akwai ƙarin doka. Ban da bilic, don yana kashe maganin ko da ido bai ga canji ba. Ban da sitaci, ban da ruwan nan mai ƙamshi na tausasa tufafi, don suna barin shafi mai cin wuta. Sabulun sanda ma in ya gamu da ruwan rijiya mai gartsi yakan bar dauɗa irin wannan, saboda haka garin omo ya fi. Ki juya ta baibai ki shanya, ki bari ta bushe ƙayau kafin ki ninke. Ki rataye ta nesa da galan ɗin mai da janareta.

Duk ranar wanki ki ɗaga ta ki duba. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Ƙaramin huji ƙofa ce ga tartsatsi, bakin hannu da ya zazzare kuma shi ke fara kamawa. Ki datse zaren da ya fito, ki yi maho da irin yadin, da zaren auduga. Maɓallin da ya cire a mayar da shi ran nan. In yadi ya yi sirara har ana ganin haske, ko mai ya ƙi fita bayan wanki biyu, to rigar ta gama aikinta. Kada a ba yaron shago ita don ya ƙarasa. Fatarsa ɗaya da ta maigidansa.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Ki koya wa mutanen gidanku wannan. In riga ta kama wuta, kada mutum ya gudu, gudu fifita ne. Ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. A zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti 20. Kada a fizge yadin da ya manne a fata. Kada a shafa man gyaɗa ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki. A rufe da ƙyalle mai tsabta a kai shi asibiti.

Ku kuma 'yammata, wasunku suna makarantun koyon sana'a, watakila wata ta zaɓi walda. Ba sabon abu ba ne, don a Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, mata da yawa a Amurka da Ingila sun yi waldar jiragen ruwa. Dokar nan duka ta hau kanki, har da ƙari. Galibin mayafan yanzu roba ne, marasa nauyi, iska tana kaɗa su. A wurin aiki ki ɗaura ɗankwalin auduga, ki cusa bakinsa cikin kwala, ki cire zobe da awarwaro.

Wata za ta ce yadi mai kauri da tsada. Haka ne. Amma ki lissafa kuɗin riga uku, sa'an nan ki lissafa kuɗin magani da wata guda na zaman gida ba aiki, ba cefane. Araha ba ta ado, ba ta kuma tare wuta. Yau da dare, in maigida ya rataye rigarsa, ki zaro zare ɗaya daga kalmasarta ki ƙyasta masa ashana, ki ga abin da yake sawa.

Allah ya tsare mana su, ya sa albarka a sana'arsu. Sai mako mai zuwa.