Labarin Jirgin Ruwan Da Injinsa Ya Fi Ƙarfin Jikinsa

Ga labarin wani Bature mutumin Ingila, sunansa Donal Kambel, da jirginsa na tsere da ake kira Bluebird. Abin lura a cikinsa shi ne, sauya wa jirgi inji aiki ne da makanikai ke gamawa cikin 'yan watanni, amma jikin jirgi yana da haddi, kuma ba ya ƙaruwa don an ƙara masa inji.

Shi Kambel gado ya yi, domin ubansa Malkom ya shahara wajen gudu da mota da jirgin ruwa. Wasu injiniyoyi biyu 'yan'uwan juna, Ken da Liu Noris, su ne suka tsara masa jirgin, aka gina shi a kan ya jure gudun mil 250 cikin awa ɗaya. Ba shi da farfela. Injinsa irin na jirgin sama ne, mai suna Beryl, wanda ke shaƙar iska ta gaba, ya ƙone ta da kananzir, ya feso ta ta baya da ƙarfi, wannan feshin ya tura jirgin. A watan Yuli na 1955, a tafkin Alswota, ya yi mil 202 cikin awa, ya zarce duk wanda ya gabace shi. Sau bakwai yana kafa irin wannan bajinta, na ƙarshe ran 31 ga Disamba 1964 a wani tafki na ƙasar Ostareliya, inda ya kai mil 276.

To, ya kamata mai karatu ya san yadda irin wannan jirgi ke tafiya. Ba ya keta ruwa kamar kwalekwale. In gudu ya kankama sai ya ɗago, ya hau bisa fuskar ruwa a kan wurare uku kaɗai, watau ƙafafu biyu a gaba da gindinsa a baya, sauran jikin duka yana cikin iska. Nan amfanin yake, nan kuma haɗarin. Gwargwadon ƙaruwar gudu, gwargwadon yadda iska ke shiga ƙarƙashinsa tana neman ɗaga shi. In hancinsa ya ɗago fiye da kima, ko da kaɗan ne, sai iska ta rinjayi nauyinsa.

A 1966 Kambel ya ƙudurta kaiwa mil 300, gudun da zai kai mutum daga Kano zuwa Zariya cikin kamar minti 20. Sai aka cire tsohon inji, aka sa wani mai suna Orpheus, wanda aka ɗebo daga ƙaramin jirgin saman soja. Ƙarfin turinsa ya kai nauyin laba 4,500, alhali kuwa ya fi tsohon sauƙin nauyi. Aka kuma dasa wa jirgin doguwar wutsiya don ya tsaya sosai. A watan Nuwamba suka sauka tafkin Konistan a arewacin Ingila.

Nan da nan jikin jirgin ya fara nuna bai yarda da baƙon ba. Da aka buɗe wa injin wuta, kafofin shan iska, waɗanda aka yi su daidai da tsohon inji, suka lotse, injin ya haɗiye ƙusoshinsu ya lalace, sai da aka sa wani. Sa'an nan jirgin ya ƙi ɗagowa bisa ruwa, domin ma'aunin nauyinsa ya sauya, kamar jakin da aka ɗora wa mangala gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Sai da aka ɗaura masa buhunan yashi a baya kana ya tashi, daga bisani aka musanya su da darma. Bayan wannan kuma mai ya ƙi isa injin yadda ya kamata, aka ƙara famfo. Ga sanyi da iska, makonni suna ta wucewa.

Ran 4 ga Janairu 1967 da safe ruwa ya kwanta. Ƙa'idar tseren ita ce a bi ta kan kilomita ɗaya da aka auna, zuwa da komowa, a haɗa a raba biyu. A zuwa ya yi mil 297 da 'yan kai. Maimakon ya tsaya shan mai har igiyar ruwan da ya tayar ta lafa, sai ya juyo nan take. A komowa gudun ya haura mil 320. Jirgin ya shiga tsalle a kan ƙafafunsa, hancinsa ya ɗago, ya tashi sama ya wuntsila, ya faɗo ya tarwatse. Kambel ya mutu nan take, yana da shekara 45.

Masana sun yi saɓani a kan sababi. Waɗansu sun ce igiyar ruwan ce, waɗansu sun ce ƙarfin injin ne ya yanke, turin da ke danne hancin jirgin ya gushe. Amma babu mai musun cewa an kai jirgin nesa da haddin da aka gina shi a kai. Sai a 2001 aka tsamo shi da gawar mai shi daga ƙarƙashin tafkin. An gyara shi, ya sake hawa ruwa a 2018, kuma a 2024 aka mai da shi gidan tarihi na garin Konistan.

Wanda ya cim ma abin da Kambel ya nema shi ne Ken Wabi, mutumin Ostareliya, da ya yi mil 317 a 1978, kuma har yau ba a zarce shi ba. Mutum biyu sun rasa rayukansu wajen nema, a 1980 da 1989. Saboda haka duk mai niyyar ƙara wa jirginsa inji, babba ko ƙarami, ya fara tambayar maƙerinsa iyakar abin da jikin zai ɗauka, ya sake auna nauyin gaba da baya, ya gwada sannu sannu. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa. Haza wasalam.