Randa Cikin Randa: Malamin da Ya Samo Sanyi a Tsakiyar Zafin Jigawa

 Yau za mu nufi jihar Jigawa, inda wani malamin makaranta ya dubi rashin wutar lantarki ta wata fuska dabam, har duniya ta san sunansa.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san wannan damuwa. Ka tsinko tumatir da safe, jajir gwanin sha'awa, kafin kwana uku ya fara ruwa a kwando. Alayyafo kuwa ko wuni ba ya yi. Babu firji, babu wuta, dillali kuma ya san haka, don haka abin da ya taya shi za ka sallama. Ko kuma a ɗora wa yarinya tire a kai, ta tafi talla tun da hantsi, lokacin da sa'o'inta ke cikin aji.

A shekarun 1990, Malam Mohammed Bah Abba yana koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Dutse, yana kuma zagaya ƙauyuka kan ayyukan raya karkara. Abin da kowa ke gani shi ma ya gani. Sai dai kowa na lissafin abin da babu, shi kuwa ya zauna lissafin abin da ke akwai: yumɓu, yashi, busasshiyar iska, da magina tukwane waɗanda robobi suka kashe wa kasuwa. Shi kansa ɗan gidan magina ne, an haife shi a 1964, ya tashi yana taɓa laka tun yana yaro. Sana'ar da wani ɗan boko zai ji kunyar ambata, ita ce ta zamar masa jari.

To yaya dabarar tasa ta randa cikin randa take? A samu randa biyu, babba da ƙarama, waɗanda ba a shafe su da komai ba. A saka ƙaramar cikin babbar, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin sharkaf. Kayan lambu su shiga ciki, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar randa, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Ana ƙara ruwa sau biyu a rana, shi ke nan.

Abin sha'awar shi ne, zafi da bushewar da ake kuka da su, su ne ke tafiyar da aikin. Ranar da iska ta fi bushewa, ranar randa ta fi sanyi. Da damina kuwa, idan iska ta yi laima, ƙarfinta raguwa yake yi.

Gwaje-gwajensa sun nuna yalo na kai kwana 27 maimakon uku, alayyafo kwana 12, tumatir da barkono kuma mako uku ko fiye. Kakanninmu sun daɗe da sanin ruwan randa ya fi sanyi, amma Bah Abba ne ya mayar da wannan sani rumbun ajiyar manomi.

Bai tsaya jiran tallafi ba. Daga aljihunsa ya sa magina suka gina randuna 5,000 na farko, ya rarraba kyauta a ƙauyuka biyar. A 1999 ya ƙara wasu 7,000. A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex ya ba shi lambar yabo haɗe da dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta saka randar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Dabarar ta ƙetara har Sudan, inda ake kiranta zir, mata a yankin Darfur suka karɓe ta hannu bibbiyu.

A gida kuwa, manomi ya samu bakin ce wa dillali a'a, ya dawo ranar kasuwa mai zuwa. Magini ya sake hura wutar gashin tukwane. Uwa kuma ba ta da dalilin tura 'yarta talla kullum don tsoron ruɓewar kaya.

Malam Bah Abba ya rasu a 2010, Allah ya jiƙansa da rahama. Har yau akwai ƙauyukan da wayar lantarki ba ta isa ba, amma randa biyu, buhun yashi da bokitin ruwa suna nan a kowace kasuwar ƙauye.