Shirin wannan mako: Yadda ake kwashe bayanai zuwa rumbu ba tare da sun zube a hanya ba

Ga rubutaccen shirin ga waɗanda datarsu ba ta kai su saurari muryar ba.

Yau kan rumbun bayanai za mu yi magana, irin wanda ake ginawa da tebur-tebur masu alaƙa da juna. Wani ma'aikacin IBM, Edgar Codd, shi ya fito da tsarin a 1970, kuma a kansa MySQL da PostgreSQL suke. Ɗaliban kwamfuta na ABU a Samaru sun san wannan tun daga aji, shi ya sa ba zan daɗe a nan ba. Abin da aji bai cika koyarwa ba shi ne ranar ƙaura, wato ranar da za ka kwaso tsofaffin bayanai ka zuba a sabon rumbu. Ni a ganina a nan ake gane gwani.

Mu ɗauki mai sari a kasuwar Sabon Gari. Yana ba ƙananan 'yan tireda kaya bashi, yaronsa yana shigarwa a Excel shekara da shekaru. Yanzu ya kira ka ka mayar masa da su rumbu na gaske. Ka buɗe, sai ka ga Muhammad a layi ɗaya, Mohammed a wani, Muh'd a na uku. Mutum ɗaya ne ko uku? In ka haɗe su alhali uku ne, ka ɗora wa wani bashin da bai ci ba. In ka raba su alhali ɗaya ne, Alhaji ya yi asara. To shi ya sa suna ba ya zama mabuɗi. Kowane kwastoma sai an ba shi lambarsa da ba ta maimaituwa, teburin bashi kuma ya riƙa kiran lambar. Dalilin da ya sa jami'a ke ba ɗalibi lambar rajista ke nan, haka NIN da BVN masu lamba 11. Kuma wannan tambayar ba SQL ke amsa ta ba, sai ka zauna da mai shagon ya tantance maka.

Sunayenmu ma suna da nasu tarkon. Ɗanladi da Ɗanjuma, in fayil ɗin ba a tsarin UTF-8 aka ajiye shi ba, ƙugiyar sai ta koma alamar tambaya ko wasu haruffa marasa kan gado. Sa'adatu da Isma'il kuwa, wannan 'yar alamar da ke tsakiyarsu ita ce SQL ke amfani da ita wajen rufe rubutu. In kana liƙa suna kai tsaye cikin umarni, a kan Sa'adatu aikin zai tsaya. Kar ka goge alamar don Allah, sunan mutane ne. Ka miƙa bayanin daban, umarnin daban, domin ta wannan ƙofar ce masu kutse ke shigowa.

Sai lambar waya. Excel na ɗaukar 0803 a matsayin adadi, ya cinye sifirin farko. Lambar waya rubutu ce, ba wanda zai taɓa tara ta da wata. Kwanan wata ma haka: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Kar ku ce ƙananan abubuwa ne. A 2020, hukumar lafiya ta Ingila ta bar sakamakon gwajin korona na mutum 15,841 bai shiga ƙidaya a kan lokaci ba, saboda tsohon nau'in fayil na Excel da aka yi amfani da shi layi 65,536 kawai yake ɗauka. Sauran suka faɗi a hanya shiru, babu wani gargaɗi.

To yaya ake yi? Ɗebo, gyara, zuba. Ka fara sauke komai yadda yake a wani tebur na wucin gadi, kamar yadda ake shanya masara a sheƙe ta kafin a kai rumbu. A can za ka yi gyare-gyarenka, asalin fayil ɗin kuma ba a taɓa shi. Kafin zubawa ka ƙirga layuka, ka tara jimillar bashin. Bayan zubawa ka sake. In ko naira ɗaya ta bambanta, ba ka gama ba.

Wajen zubawar kuma, kar ka riƙa tura layi ɗaya-ɗaya, kamar mai kwashe tirela da mudu. PostgreSQL na da umarnin COPY mai ɗaukar fayil gaba ɗaya, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba. In bayanan na da yawa, ka bari sai an gama zubawa sannan ka gina fihirisa. Ka kuma ƙulle aikin ya zama duka ko babu: ka buɗe da BEGIN, ka rufe da COMMIT. Wuta ta ɗauke a tsakiya, wanda mu nan ba baƙon abu ba ne, rumbun zai koma yadda yake, ba za a bar ka da rabin kwastomomi ba. Daga baya kuma ba sai ka kwaso komai kullum ba, abin da ya canza tun zubin ƙarshe kawai za ka ɗauko, data ma ta yi maka sauƙi.

Kwafin ajiya fa? Ka yi shi kafin ka taɓa komai, ka ajiye a wata na'ura daban, sannan ka gwada dawo da shi ko sau ɗaya ka ga yana buɗewa. Mutane da yawa wannan gwajin suke tsallakewa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu duba fihirisa, da abin da ke sa tambaya ɗaya ta ci minti biyar alhali daƙiƙa ɗaya ta ishe ta. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu.